Ɗigon Baƙin Mai a Ƙofar Gidan Bahago

A Kusfa idan ka ce kana neman gidan Malam Jibrin sai an tambaye ka wanne daga ciki, amma kana cewa Bahago bakanike za a nuna maka lungun da baki. Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, wanda magana take yi wa wuya kamar ana cire masa haƙori. Mahaifinsa maɗinkin manyan riguna ne, irin masu wuni a zaure da allura suna fitar da aska takwas, kuma ya so ƙwarai ɗansa ya gaje shi. Hannun hagu ne ya ƙi. Duk ɗinkin da Jibrin ya ɗauko sai ya biyo da shi ta inda ba a bi, tsohon ya doki hannun nan har ya gaji, daga ƙarshe ya ja shi zuwa wajen wani bakanike a Sabon Gari ya ce ga shi nan, ƙarfe dai ba ya tambayar da wane hannu aka kama shi.

Ashe tsohon bai san iyakar gaskiyar da ya faɗa ba. Shekara ta bi shekara, Jibrin ya tashi daga wankin noti ya zama Bahago, har ya buɗe nasa garejin a gindin wata dalbejiya a wajen Ƙofar Doka, dab da na abokinsa Lawal. Kowane bakanike da abin da Allah ya hore masa. Lawal kunne gare shi, yana jin kukan inji zai gaya maka fulogin da ya mutu. Shi kuwa Bahago yoyo ne nasa. Idan mota tana zubar da baƙin mai, an kai ta nan an kai ta can, an yaɓe mata ciki da gam ɗin aradait har ta koma kamar tsohuwar ƙwarya mai ɗinki, ƙarshenta gindin dalbejiya za a turo ta.

Dabarar tasa ba wata ɓoyayya ba ce, haƙurin ne mutane ba su da shi. Yakan ce baƙin mai maƙaryaci ne, a can yake fita iska ta kwaso shi ta shafa a nan, mai gaggawa ya zo ya kama wanda bai ji ba bai gani ba. Saboda haka sai ya wanke injin tas da kananzir, ya bar shi ya sha iska, sannan ya ɗauko tokar murhu da matarsa Delu take tankaɗe masa da rariya, ya barbaɗe injin ya yi fari fat. Daga nan a tayar da mota, shi kuma ya kwanta ya zuba ido. Inda baƙin zare ya fara tsaga farar tokar, to nan ɓarakar take. Delu ta sha mita cewa duk faɗin Kusfa ita kaɗai ce mai tankaɗen abin da ba a ci, amma ba ta taɓa barin gwangwanin tokar ya ƙare ba.

Ko ƙasa ma karanta ta yake yi. Mota ta tsaya ta tafi, sai ya tsuguna ya dubi sawun tayoyi ya dubi inda ɗigon ya faɗi a tsakaninsu, ya dangwala da yatsan hagu ya murza ya kai hanci. Nan take zai san na inji ne, ko na giya, ko na birki, kuma daga wane sashe ya taho. Wannan ɗabi'a ta bi jikinsa har ta kai ko a hanyar masallaci yake, kansa a ƙasa yake tafiya, baƙi su ɗauka tsabar natsuwa ce.

To mutumin nan da ba ya shakkar shiga ƙarƙashin tirela, akwai abu guda da ya fi ƙarfinsa, wato kunya. 'Yarsa ta fari Ummukulsum tun da aka yaye ta aka miƙa wa mahaifiyarsa Iya, a sashen da ke bayan rijiya, cikin gida ɗaya. Bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, bai taɓa kama sunanta ba. In ta kama dole sai ya ce ta wajen Iya. Haka ya tarar ana yi, haka aka yi masa, kuma bai taɓa tunanin akwai wata hanya ba. Shi kaɗai ya san yadda yakan ɓata lokaci wajen ɗaure kekensa a zaure idan ya ji muryarta a tsakar gida. A cikin 'ya'yansa duka babu wadda yake so kamarta, kuma ita ce kaɗai ba ta taɓa ganin haƙorinsa ba.

Da ta isa aure ta kawo wanda take so, Nasidi, ɗan wasu manoma daga wani ƙauye a bayan dutsen Kufena. Yaro ne mai ladabi har ya so ya yi yawa. Ya fara da kwandasta, ya zama direba, ya yi ta tari har ya mallaki tsohuwar Fijo doguwa da yake jigilar fasinja da ita tsakanin Zariya da Funtuwa, wani lokaci har Gusau. Mutane suka ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama, direba ya auri 'yar bakanike. Waɗanda suka faɗi haka sun manta da surukuta. Ta yaya Nasidi zai kai motarsa Ƙofar Doka ya tsaya a tsaye, uban matarsa na kwance a ƙasa a gaban takalmansa? Tun daga ranar ɗaurin aure ya daina ko bi ta gaban garejin, sai ya zagaya ta wata ƙofar. Idan suka yi kiciɓis a hanya, Nasidi ya zube tun daga nesa, Bahago ya kau da kai ya ce lafiya lau, madalla, kowa ya kama gabansa yana share gumi.

Lungun gidan Bahago matsattse ne, wuri ɗaya kawai mota take iya tsayawa, a jikin katanga kusa da dakali. Nan Nasidi yake ajiye Fijo duk ranar da ya kawo Ummukulsum ganin gida, da rana tsaka, lokacin da ya tabbata maigidan yana gareji. Wata yamma Bahago ya dawo, yana jingine keke idonsa ya faɗa kan wani ɗan ɗigo baƙi, bai fi girman sisi ba, a tsakanin sawun taya biyu. Ya ji wani sanyi a ransa. Ba sai ya tambayi kowa ba, ta zo. Daga ranar ya samu abin dubawa. Ya ga sabon ɗigo ya shiga gida da fara'a har Delu ta rasa dalili, in kuma an kwana biyu babu, ya yi ta juya tuwo a kwano. Tsohuwar mota ai ba ta rasa ɗan yoyo, ya bar abin a haka, kuma in za a faɗi gaskiya ba ya so ya daina ganinsa.

Sai ɗigon ya fara girma. Daga sisi ya koma kamar kwabo, daga kwabo ya kai tafin hannu. Girman bai dame shi ba kamar wurin da yake faɗuwa. Ba a gaba yake ba ta wajen lagireto, can baya yake, daidai inda inji ya haɗu da giyabos. Ranar da ya tabbatar da haka ya daɗe a tsugune, har mai kiran sallah ya wuce shi ya dawo. A wurin nan akwai wani zoben roba da kanikawa ke kira oyil sil, wanda ke tare baƙin mai. In ya saki, man ba ƙasa kaɗai yake zuba ba, yana jiƙa faifan kuloci. Kuloci kuwa in ya sha mai sulɓi yake yi, direba ya taka totur inji ya yi ta kururuwa mota ta ƙi ƙara gudu. A cikin gari wannan abin dariya ne. A hanyar Funtuwa, inda mai zuwa da mai dawowa suke raba kwalta ɗaya, ka fita za ka wuce tirela wata ta ɓullo a gabanka, ka taka mota ta ƙi, nan babu mai dariya. Bahago yana cikin waɗanda suka je jawo motar wani direba Mika'ilu daga irin wannan wuri shekarun baya, kuma har yau bai manta da warin ƙonannen kuloci ba.

Tsoro ya shige shi sosai, ga shi babu bakin faɗa. Da daddare ya kewaya ya kewaya, sannan ya ce wa Delu ta sa a gaya wa mutanen can cewa motarsu tana zubar da mai ta baya, a sauke giyabos a duba tun da wuri. Delu ita ma ai uwar 'yar fari ce, tata kunyar ba ta gaza tasa ba, ga shi giyabos a wajenta da sunan aljani duk ɗaya. Da Ummukulsum ta zo, ta kalli bango ta ce mata an ce motarku tana shan mai. Ummukulsum ta ga ba za ta kai wa mijinta magana mai kama da an raina abin hawansa ba, sai ta ƙara mata zuma, ta ce Baba yana gaishe shi, ya ce a riƙa duba baƙin mai. Nasidi ya ji daɗi har ya rasa inda zai sa kansa. Ya sayi galan guda ya ajiye a but yana ƙarawa kowace safiya, ya kuma aiko da goro fari ƙal na godiya. Bahago ya karɓi goron ya rasa ko dariya zai yi ko kuka.

Ya koma ta wajen Lawal. Ya roƙe shi ya bi ta tasha kamar wucewa yake yi, ya duba motar ya gaya wa yaron gaskiya. Lawal ya je ya faɗa ba tare da kwana-kwana ba, ya ce a kawo masa ita gobe. Nasidi ya yi godiya, amma garejin Lawal ai inuwa ɗaya suke sha da na surukinsa, ko da wuƙa a wuya ba zai je ba. Lokacin kuwa zamanin tsuke bakin aljihu ne, kayan mota sun yi tashin gwauron zabo, na jabu sun cika kasuwa, kowane direba yana lallaɓa tasa kamar mai jinya. Wani bakanike a tashar Funtuwa ya leƙa ya ga mai ya jiƙa ko'ina, ya canza gaskit ɗin sama, wato shimfiɗar murfin inji, ya yaɓa aradait a ƙasa, ya ce an gama. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma wannan mai ɗakin maƙwabcinsa ne ya sani, kuma an hana shi magana.

Abin da ya fi cin ran Bahago shi ne ladabin yaron. Nasidi ya lura motarsa tana ɓata ƙofar gidan surukinsa, kunya ta kama shi, sai ya fara ture ƙasa da ƙafa yana rufe wurin kafin ya tafi. Bahago ya dawo da yamma ya sa tsinke ya tone. Da Nasidi ya ga alamar ana tonewa, ya ɗauka ɓacin rai ne ya sa, sai ya samo kwali yana shimfiɗawa a ƙarƙashin motar, in zai tafi ya naɗe abinsa ya jefa a but. Ranar da Bahago ya tarar da sawun taya babu ɗigo, ga kuma shatin kwali a ƙasa, ya shiga gida bai ci tuwo ba. Washegari ya hau keke zuwa Sabon Gari, ya bi shago-shago har ya samo zoben roba na asali da faifan kuloci, ya zo ya tura su ƙarƙashin gado. Delu ta tambaye shi na wace mota ce, ya ce na wata ce.

Ana cikin haka Ummukulsum ta dawo gida goyon ciki, ta sauka lafiya, aka samu ɗa namiji. Bahago bai ɗauki jaririn a gaban kowa ba, amma itacen wankan jego da ya tara a bayan rijiya ya isa masu jego uku. Kwanakin nan ne kaɗai ya samu barci, don tana ƙarƙashin rufinsa, motar kuwa ta je duk inda za ta. Sai ga arba'in ta matso. Delu tana ninke kaya ta ce masa an shirya yawon arba'in, za a fara da dangin uban yaron, a kai shi Funtuwa wajen kakar Nasidi, daga can a wuce Gusau. Ya tambaya a wace mota, alhali ya san amsa. Ta dube shi ta ce a wace mota kuwa, mijinta yana da tasa za ta hau ta haya?

A ka'ida ranar da suruki zai shigo gida, Bahago tun da sassafe yake ficewa don kada a takura juna. Ran nan ya dawo daga masallaci ya zauna a ɗaki da sabuwar rigarsa, bai taɓa keke ba. Da hantsi ya ji kukan motar tun daga bakin lungu. Akwai ɗan tudu kafin a iso gidan, nan ya ji inji ya ɗaga murya sama, motar kuwa tana tahowa kamar mai ciwon ƙafa. Da ta tsaya, warin nan ya biyo iska ya shigo har ɗaki. Ya ji Nasidi ya shiga sashen Iya gaisuwa, ya ji mata suna fitar da kaya, ya ji kukan jaririn. Ya zauna hannuwansa a kan gwiwa. Shekara hamsin da wani abu ya yi yana tsare mutuncinsa a lungun nan, bai taɓa yin abin da za a nuna shi da baki ba. Ya tuna motar Mika'ilu da takalmin wata mata da suka tsinta a gefen kwalta. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Ya tuɓe rigar ya ninke, ya jawo kayan ƙarƙashin gado da gwangwanin toka, ya fita.

Da Nasidi ya fito ɗauke da akwati, abin da ya fara gani shi ne tafin ƙafafu biyu masu faso sun leƙo daga ƙarƙashin motarsa. Ya san ƙafafun, don su kaɗai yake kallo duk lokacin da yake gaisuwa. Akwatin ya suɓuce masa. Ya durƙusa a ƙasa yana roƙo.

"Baba, don girman Allah ka fito. Ni zan shiga. Baba, mutane suna kallo."

Gaskiya ne kuwa, suna kallo. Masu zaman dakali sun zuba ido, mai garuwa ya tsaya da ruwa a kafaɗa, mata sun cika bakin zaure. Bahago bai fito ba. Daga ƙarƙashin motar ya yi wa surukinsa magana mafi tsawo da ya taɓa yi masa.

"Cire kwalin nan ka miƙo mini kananzir. Motar nan ba za ta ɗauki Ummukulsum ba yau."

Delu ta rufe baki da mayafi. Ummukulsum tana tsaye a bayan ƙyaure da goyo, ta ji sunanta a bakin da ba ta taɓa jinsa ba, ta juya ta koma ciki da sauri, ba a sake ganinta ba sai la'asar.

Aka wanke injin, aka bar shi ya bushe, Bahago ya barbaɗa toka. Ya ce Nasidi ya tayar, sannan ya sauko ya kwanta ya gani da idonsa. Haka suka kwanta kafaɗa da kafaɗa a cikin ƙasa, uban mata da mijin 'ya, kowa yana jin numfashin ɗan'uwansa. Gaskit ɗin da aka canza yana nan fari, aradait ɗin yana nan fari. Can baya, daga bakin giyabos, baƙin zare ya tsago tokar ya gangaro a hankali. Bahago ya nuna masa da yatsa. Aka aika aka kira Lawal ya zo da jak da sauran kaya, lungu ya toshe, masu keke suna ɗaga kekunansu suna raɓawa ta jikin katanga. Da aka sauke giyabos, faifan kuloci ya fito baƙi ƙirin yana naso kamar an tsamo shi daga kaskon tuya. Nasidi ya riƙe shi a hannu yana kallo, shi direba ne, ba sai an yi masa bayani ba. Gumi ya riƙa ɗiga daga haɓarsa.

Amma Bahago bai gamsu ba, don ruwa ba ya tsami banza, zoben nan bai tsufa da zai saki haka kawai ba. Ya tashi ya bi injin da hannu har ya kai kan bututun da inji ke fitar da numfashinsa. Ya ji shi a toshe. Ya sa yatsa ya zaro wata guntuwar totuwar masara da ta sha baƙin mai. Wani ne ya cusa ta don kada hayaƙi ya dami fasinja, iska ta rasa mafita ta koma tana tura mai ta baya. Ya ɗaga ido ya ga Nasidi ya sunkuyar da kai kamar zai shige ƙasa, ya gane ko wane ne wanin. Lawal yana can yana goge ƙarfe bai gani ba. Bahago ya dunƙule totuwar ya zura a aljihun wando, kuma har ya koma ga Allah babu wanda ya ji zancenta daga bakinsa.

Kafin magariba an sa sabon zobe da sabon faifai, an mayar da giyabos. Ya sake barbaɗa toka, aka bar injin yana ta aiki, tokar ta zauna fara sol. Ya tattara kayansa ya shige gida ba tare da ya dubi kowa ba. Washegari aka tafi yawon arba'in, aka je Funtuwa aka je Gusau aka dawo lafiya, yaro ya samo kaji da tsabar gero.

Da labari ne na daɗi da a nan ya ƙare. Amma mutanenmu ba sa barin abu ya wuce. Kafin mako ya zagayo zancen ya kai tasha, direbobi suka sa wa Nasidi suna mai kwana da suruki, in ya shigo a yi ta shewa. Danginsa na bayan Kufena suka ce an tozarta musu ɗa a bainar jama'a, an nuna bai isa ya kula da iyalinsa ba, mutanen birni dama haka suke ganin na ƙauye. A Kusfa ma akwai dattawan da suka ce Bahago ya zubar da girma, ai da ya sa an kira yaron ta hannun manya. Babu wanda ya tambayi ko kwana nawa kiran ta hannun manya zai ɗauka. Shi Nasidi bai yi fushi ba, da fushi ne ma da sauƙi, don fushi yana hucewa. Kunya ce ta kama shi irin wadda ba ta sakin mutum. Ya san abin da ke cikin aljihun wandon nan, ya kuma san an rufa masa asiri, kuma wannan ya fi masa nauyi a kan a ce an zage shi. Ya aiko da buhun sabuwar masara daga gonarsu, bai biyo buhun ba.

Bahago ya ci gaba da dawowa da yamma yana jingine keke yana duba jikin katanga. Babu ɗigo. Da farko ya ce aiki ya yi kyau. Daga baya ya lura sawun taya ma babu, har ciyawa ta fara tsirowa a wurin. Ya daure ya daure, wata rana dai yana wanke hannu ya tambayi Delu, yana kallon buta, ko ba a yi baƙi ba kwanan nan. Sunan da ya fita sau ɗaya ya koma inda ya fito.

"Ta zo ɗazu," in ji Delu. "Jiya waccan ma ta zo. A bakin titi yake sauke ta, ta ƙaraso da ƙafa."

"Motar fa?"

"Ta ce lafiya lau."

Lafiya lau. Shi ya san irin hanyar da wannan lafiya lau ta biyo kafin ta iso kunnensa, ya san zumar da ake ƙara mata a kowane zango. Mota kuwa ba a gyara ta sau ɗaya a ce an gama, yau zobe ne, gobe birki, jibi wani abin. Da can ƙofar gidansa tana gaya masa gaskiya ko mutane sun ɓoye. Ya tsirar da 'yarsa daga hanyar Funtuwa, wannan ko a gaban wa zai faɗa, kuma da za a mayar da ranar da ya sake tuɓe rigar. Amma ya rasa ɗan abin da yake tsaronta da shi, kuma baƙin cikin wannan bai bar shi ba.

Shekarun da suka biyo baya ƙarfinsa ya ragu, ya bar wa Lawal manyan ayyuka. Sai aka fara ganinsa a wani wuri da ba a saba ba. Duk ranar da ya ji ƙamshin turaren baƙuwa a zaure, ko ya ga ɓawon alewa a tsakar gida, ba ya zama. Sai ya juya da keke ya fita bakin titi, inda 'yan tasi da masu bas suke sauke fasinja tun safe har dare. Wurin ya yi baƙi da man motoci iri-iri, sabo a kan tsoho, taya ta bi ta kai ta shafe. Nan zai tsuguna, motoci na yi masa hon, ya dangwala wannan ya shinshina, ya matsa ya dangwala wancan. Wata yamma wani mai shayi da bai san shi ba ya tausaya masa, ya taso ya ce Baba me ya faɗi a taya ka nema. Bahago ya ɗago yatsansa baƙi ya dube shi, ya buɗe baki kamar zai faɗa, sai ya ce babu komai. Ya goge yatsan a gefen wando, ya matsa gaba kaɗan ya sake tsugunawa.